Shirun ɗalibai Sinawa da tambayar iyayensu: amsa ga wata malama Kirista

Tambaya: "Ni malama ce a wata makarantar kuɗi ta Kirista a Abuja, ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare. A bana an kawo mana yara uku 'yan ƙasar Sin waɗanda iyayensu ke aiki da kasuwanci a nan. Yaran ba su da fitina, aikin gida kuma ba ya kwana a hannunsu, amma a aji ko uffan ba sa cewa. In na tambaya ko sun gane sai su gyaɗa kai, daga baya in tarar ba su gane ba. Suna iya haddace shafi guda, amma in na ce su faɗi ra'ayinsu sai su sunkuyar da kai. Iyayen kuwa maki da matsayi kawai suke tambaya, har wata uwa ta ce aikin gidan da nake bayarwa ya yi kaɗan. Ga shi ina jin nauyin in nuna musu Almasihu, amma ban san ta inda zan fara ba. Ina neman shawara."

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi a wannan hidima. Abin da na fahimta daga wasiƙarki shi ne, yaran suna da ladabi da himma amma kin kasa gano abin da ke ransu, iyayen suna auna aikinki da mudun da ba ki saba da shi ba, sannan ga nauyin bangaskiya da ba ki so ki sauke ta hanyar da za ta ɓata abu. A ganina tushen duka ɗaya ne, domin gyaɗa kan da yaron yake yi miki a darasin Turanci shi ne zai yi miki ranar da kika yi masa maganar Yesu, kuma muddin ba ki san ma'anarsa a wuri na farko ba, zai ruɗe ki a wuri na biyu. Zan yi magana daga abin da na gani a shekara huɗu da na yi a birnin Wuhan na ƙasar Sin ina karatun koyarwa, inda aka riƙa tura mu mu zauna a bayan aji mu kalli darasi, da kuma shekarun da na yi bayan dawowata ina koyar da 'ya'yan baƙi, Sinawa a cikinsu.

Ajin da suka baro

Ranar farko da na shiga wata ƙaramar sakandare a Wuhan, ƙarfe bakwai da 'yan mintoci na safe, tun daga bakin ƙofa na ji wani amo da ya mayar da ni unguwarmu. Yara wajen hamsin ne a aji ɗaya, kowa ya buɗe littafi yana karantawa da ƙarfi ba mai jiran wani, tamkar makarantar allo. Suna kiran wannan *zaodu*, wato karatun safe. Da malamar ta shigo, shugaban aji ya ba da umarni, aka miƙe gaba ɗaya, aka rusuna, aka ce "*laoshi hao*", wato sannu malama. Daga nan har darasin ya ƙare babu yaron da ya ɗaga hannu don wata tambaya tasa ta kansa. Ita ce ke tambaya, ta kira suna, yaro ya miƙe ya amsa ya zauna. Na rubuta a littafina cewa ajin ba shi da rai. Amma ana kaɗa ƙararrawa sai ga yara bakwai ko takwas sun yi wa teburinta zobe da littattafai a buɗe, kowa da tambayarsa, har ta kusa makara zuwa aji na gaba. Dole na soke abin da na rubuta.

Yaron da ya tashi a irin wannan aji ya koyi cewa lokacin darasi na jama'a ne, kuma wanda ya katse malama don abin da shi kaɗai bai gane ba ya cinye wa mutum arba'in da tara lokacinsu. Ya kuma koyi cewa faɗin "ban gane ba" a gaban kowa yana iya nufin malamar ba ta iya bayani ba, abin da ɗa mai tarbiyya ba zai faɗa wa babba ba. Ga kuma abin da suke kira *mianzi*, wanda kalmar take nufin fuska, amma ma'anarta ta fi kusa da mutunci a wurinmu: kada ka kunyata kanka, kada ka kunyata wani a bainar jama'a. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne, tun da mu ma muna hana yaro zura wa babba ido, muna kuma yabon mai kunya. Ki haɗa wannan duka da cewa yaranki suna sauraro da Turancin da lafazinsa bai yi kama da wanda suka ji a kaset ɗin makarantarsu ba, suna juya shi zuwa Sinanci a ka, su shirya amsa, su sake juya ta, kafin su gama wani ya riga ya amsa. Saboda haka gyaɗa kan nan ma'anarsa "na ji ki, Malama, ina kuma girmama ki". Ko ya gane ko bai gane ba, wannan magana ce dabam da ba a amsa ta ba tukuna.

Batun hadda ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne malamai irinmu da aka horar da littattafan Turawa suka fi yin kuskure. Rubutun Sinanci ba shi da baƙaƙe irin namu da za a haɗa a fitar da kalma. Ana sa ran yaro ya san alamomi wajen 3,500 kafin ya gama shekara tara na karatun dole, kuma babu hanyar mallakar su sai maimaitawa, a rubuta alama ɗaya sau goma, sau ashirin, da jerin zanen da aka ƙayyade. Wanda ya koyi karatu ta haka yana ɗaukar maimaici a matsayin ƙofar fahimta, har suna da karin magana cewa in ka karanta littafi sau ɗari ma'anarsa za ta fito da kanta. A 1996 wasu masana biyu da suka yi aiki a Hong Kong, John Biggs da David Watkins, sun tattara bincike a kan wannan abin mamaki, wato yadda ɗaliban da Turawa ke cewa hadda kawai suka iya suke zarce nasu a jarrabawar da ke neman zurfin fahimta, kuma abin da ya fito shi ne da yawansu suna haddacewa ne don su samu abin da za su yi ta juyawa a zuciya. Mu da muka haddace Zabura 23 a makarantar Lahadi muna 'yan shekara bakwai, muka kuma zo muka gane ta a bakin kabarin iyayenmu, bai kamata mu raina wannan hanya ba.

Duk da haka ba zan ce babu aibi ba. Tsarin da kowace tambaya ke da amsa ɗaya tak a bayan littafi yana sa yaro ya ji tsoron tambayar da ba ta da amsa ɗaya, kuma Sinawa da kansu suna sukar wannan, suna kiransa ilimin ɗura, kamar yadda ake ɗura wa agwagwa abinci don ta yi ƙiba. Konfushiyas ma, babban malamin Sinawa na dā, wanda ya rayu tsakanin 551 da 479 kafin haihuwar Almasihu, ya ce karatu babu tunani ɓatan kai ne, tunani babu karatu kuma hatsari ne. Idan kika ce wa yaron "mene ne ra'ayinka?", abin da yake ji shi ne akwai wata amsa da kika ɓoye, kuma zai kunyata in bai cafko ta ba.

Abin da ya yi mini aiki shi ne na daina tambayar "kun gane?" kwata-kwata, na koma cewa kowa ya rubuta mini jimla ɗaya da ƙa'idar da muka koya, in zaga in duba. Tambayar da nake so a tattauna gobe nakan ba da ita yau, domin yaron da ya kwana da tambaya ya rubuta amsarsa yana iya miƙewa ya karanta ba fargaba. Nakan sa su fara magana da abokin zama ɗaya kafin a kai ga aji duka, in kuma na kira suna nakan jira fiye da yadda na saba, ko da shirun ya yi mini nauyi. Nakan zauna minti biyar bayan ƙararrawa ina tattara takardu a hankali da gangan, kuma a nan ne tambayoyin suke fitowa. Gyara mai zafi a keɓe nake yin sa, bisa ga abin da Matiyu 18:15 ya koya mana tun kafin mu san *mianzi*. Ya kuma kamata ki faɗa musu a fili, ba sau ɗaya ba, cewa a ajinki tambaya girmamawa ce, domin ba za su iya cankar wannan ƙa'ida da kansu ba. Tun da makarantarku ana karanta Littafi Mai Tsarki, Luka 2:46 na nan, inda Yesu yana ɗan shekara goma sha biyu ya zauna a tsakiyar malamai yana sauraronsu yana kuma yi musu tambayoyi. Haka nan in kika tarar yaro ya kwafo sakin layi daga littafi ya sa a insha'insa, ki fara bayyana masa ƙa'idarmu kafin ki kira shi ɓarawon rubutu, domin an saba masa da kwaikwayon rubutun gwanaye a matsayin hanyar koyo.

Abin da ke bayan tambayar maki

Tun daga farkon ƙarni na 7, zamanin daular Sui, har zuwa 1905, sarakunan Sin suna ɗaukar ma'aikatan mulki ta hanyar jarrabawa, abin da ya sa ɗan manomi, a ƙa'ida dai, yana iya zama hakimi in ya ci, ya kuma ɗaga danginsa gaba ɗaya. Magajiyar wannan a yau ita ce *gaokao*, jarrabawar shiga jami'a, wadda aka dakatar a 1966 lokacin juyin al'adu aka dawo da ita a 1977. Ana fara ta ranar 7 ga Yuni, fiye da mutum miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024, kuma a ranakunta har hana busa ƙahon mota ake yi kusa da wuraren jarrabawa. Iyayen yaranki ta wannan ƙofa suka bi, ko kuma ita ce ta rufe musu. Da yawansu an haife su ne a zamanin dokar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga wajen 1980 zuwa 2015, don haka ba abin mamaki ba ne a ce yaron da ke gabanki shi ne jika ɗaya tilo na kakanni huɗu. Sa'ad da uwa ta tambaye ki na nawa ya zo, tambayar mutum shida take isarwa.

Akwai kuma bambancin fahimta game da abin da ke kawo nasara. Masana Harold Stevenson da James Stigler, waɗanda suka kwatanta iyalai a Amurka da Japan da Taiwan da Sin a shekarun 1980, sun tarar iyayen Asiya sun fi danganta sakamakon yaro ga ƙoƙari, na Amurka kuma sun fi ba baiwa muhimmanci. Sinawa suna yabon wanda ya iya *chi ku*, wato cin ɗaci, jure wahala. Uwar da ta ce aikin gida ya yi kaɗan ba zarginki take yi da lalaci kai tsaye ba, lissafi take yi: wataƙila nan da shekara biyu za su koma gida, kuma 'yarta za ta tarar sa'o'inta sun yi mata nisa a lissafi da rubutun Sinanci. Ta kuma saba da malamin aji mai tura saƙo kusan kullum a rukunin iyaye na manhajar WeChat, sai ga shi a nan ba ta jin komai sai ƙarshen zango. Gwamnatin Sin kanta ta ga abin ya yi yawa, shi ya sa a Yulin 2021 ta fito da dokar rage aikin gida da darussan kuɗi na bayan makaranta, amma doka ba ta cire tsoro daga zuciyar uwa.

Na koyi wannan da kuskurena. A shekarata ta farko bayan dawowa, mahaifin wani yaro ya zo ranar ganawa da iyaye, na ce masa ɗansa yana ƙoƙari ƙwarai, kada ya damu, ya bar shi ya riƙa wasa. Ya yi murmushi, ya yi godiya har da rusunawa, bayan mako guda kuma ya nemi a sauya wa yaron aji. Daga baya wata uwa Basiniya ta warware mini: a wurinsu malamin da bai ga aibi ko ɗaya ba bai duba ba ne. Tun daga ranar ba na zuwa ganawa sai da littafin yaro a hannu, in buɗe in nuna inda ya ci gaba, in nuna abu biyu da suka rage, in kuma faɗi abin da za a yi a gida na minti ashirin kowane dare. Sai dai ki yi hattara, domin abin da kika faɗa da rana yana iya sauka a kan yaron da dare, don haka kada ki ambaci rauni ba tare da maganinsa ba, kuma ki yabi himmarsa a gaban iyayen ko da sun ce "a'a, ai malalaci ne", wanda kawaici ne kawai irin na uwar ɗan fari a wurinmu. Kada ki sa yaron ya yi tafinta a zaman da ake maganarsa. Ki tuna sunan dangi ne ke zuwa farko, ki guji rubuta sunan mutum da jan biro don wasu na danganta hakan da mutuwa, in kuma suka kawo miki 'yar kyauta ranar 10 ga Satumba, ranar malamai ce a ƙasarsu.

Maganar bangaskiya

A nan nake so ki fi yin hankali. Waɗanda suka kai bishara Sin suka bar alama mai kyau su ne waɗanda suka fara zama ɗalibai. Matteo Ricci, wani fada ɗan Italiya, ya shiga ƙasar a 1583, ya yi shekaru yana koyon harshe da littattafan malamansu, ya sa tufafinsu, bai isa ya zauna a Beijing ba sai 1601. Hudson Taylor, wanda ya kafa ƙungiyar mishan ta cikin ƙasar Sin a 1865, ya sa rigar Sinawa ya yi kitso irin na mazansu, 'yan'uwansa Turawa suna yi masa dariya. Amma akwai ɗaya ɓangaren tarihin da ake koya wa kowane yaro a can: yarjeniyoyin da aka tilasta wa Sin bayan yaƙe-yaƙen da Turawa suka yi da ita kan cinikin ofiyom, musamman yarjeniyoyin 1858 da 1860, su ne suka buɗe wa mishan cikin ƙasar, har magana ta yaɗu cewa in an ƙaru da Kirista ɗaya an rasa Basine ɗaya. Mu Hausawa masu bin Almasihu ba sai an fassara mana zafin irin wannan magana ba. A yau kuma makarantun Sin ba sa koyar da addini, ɗan jam'iyyar Kwaminis ba a yarda ya yi addini ba, kuma tun da sababbin ƙa'idojin harkokin addini suka fara aiki a Fabrairun 2018, a wurare da dama an hana yara shiga majami'a. Uban da ke aiki da kamfanin gwamnati yana iya shiga matsala saboda hoton ɗansa a kan dandamalin sujada da wani ya sa a Facebook da kyakkyawar niyya.

Iyayen nan sun kawo 'ya'yansu makarantar Kirista ne galibi don Turanci da tarbiyya, kuma amana suka ba ki. Shawarata ita ce kada ki yi komai a bayan idonsu. Makaranta ta bayyana musu tun farko abin da ake yi a sujadar safe da darasin addini, da tafinta in da hali. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 4:2 mun rabu da ɓoyayyun al'amura na kunya, ba ma tafiya da makirci, kuma wannan ya shafi ajinki. Ki tuna kuma da gyaɗa kan nan. Yaron da aka rene shi a kan kada ya ce wa malama a'a, wadda kuma makinsa ke hannunta, zai ɗaga hannu in kika ce wa ke so ya karɓi Yesu, zai maimaita addu'ar kalma da kalma, ya haddace ayar fiye da 'ya'yan fasto, ke kuma ki tafi gida da murna a kan abin da ladabi ne kawai. Na ga an yi haka, na kuma ga ruɗanin da yaron ya shiga da labarin ya isa gida. Hanyar 1 Bitrus 3:15 ta fi dacewa da matsayinki, wato ki kasance a shirye ki amsa wa wanda ya tambaya, da tawali'u da bangirma. Tambayoyin za su zo, yawanci a minti biyar ɗin nan na bayan ƙararrawa.

Idan sun zo, kada amsarki ta zama tsinken da zai raba ɗa da iyayensa. Babbar ɗabi'a a tarbiyyarsu ita ce *xiao*, biyayya da kula da iyaye har bayan ransu, kuma iyaye da yawa suna mamaki in suka ji Fitowa 20:12 ta umarci a girmama uba da uwa, Afisawa 6 kuma ta maimaita, ta ƙara da gargaɗin kada ubanni su tsokani 'ya'yansu. Wuri mai wuya shi ne bikin Qingming a farkon Afrilu, lokacin share kaburburan kakanni da ƙona turare. Ikkilisiyar Katolika ta hana irin waɗannan al'adu a 1704 da 1715, ba ta sassauta ba sai 1939, Kiristocin Sin da yawa kuma sun samo hanyarsu ta zuwa da furanni, su share kabari, su yi addu'a ga Allah. Abin da ya ɗauki Ikkilisiya ƙarnuka bai kamata a yanke wa ɗan shekara goma sha biyu hukuncinsa a tsaye a baranda ba. Kada ma ki ɗauka dukansu ba masu bi ba ne, domin 'yan kasuwa da yawa daga birnin Wenzhou da lardin Fujian Kiristoci ne tun kakanni.

Abin da na ga ya fi taɓa yaran nan shi ne alheri, tun kafin su san sunansa. Wata yarinya ta taɓa samun 96 a jarrabawata, na tarar da ita a bayan aji tana kuka ba sauti, ta ce mahaifiyarta za ta tambaye ta ina sauran huɗun. Ban ce mata maki ba kome ba ne, domin da na faɗi haka da na zagi uwarta da dukan wahalar da ta sha. Na zauna muka duba tambayoyi biyun da ta kuskure, sannan na ce mata da ta ci 40 ma murnar ganinta a ajina ba za ta ragu ba, kuma haka na gaskata Allah yake kallonta. Ba ta ce komai ba. Sai a zango na gaba ta tsaya bayan darasi ta tambaye ni ko labarin ɗan da ya gudu ya dawo mahaifinsa ya rungume shi, wanda aka karanta a sujada, gaskiya ne uban bai fara hukunta shi ba.

Abin da na faɗa ya fi dacewa da iyalan birni daga babban yankin Sin. Iyali daga Hong Kong, ko Taiwan, ko Sinawan Malesiya, ko yaron da aka haifa a Legas, kowane da nasa hali, kuma cikin yaranki uku ma za ki tarar ɗaya shirunsa na al'ada ne, ɗaya na harshe, ɗaya kuma wataƙila kewar kakarsa ce da ta rene shi. In zango biyu suka wuce yaro bai buɗe baki ba ko a filin wasa, ko a tsakanin 'yan'uwansa Sinawa, abin ya wuce bayanin al'ada, sai a haɗa da iyaye da mai ba da shawara na makaranta, a duba har lafiyar kunnensa. A wannan makon kuwa, ki nemi uwar nan da ta yi ƙorafin aikin gida, ki roƙe ta ta zo miki da littafin lissafi da na Sinancin da 'yarta take yi a gida bayan ta gama naki, ku buɗe su tare a kan tebur, ki tambaye ta aji nawa yarinyar za ta shiga in sun koma.